Ɗaki Na Tara a Gidan Wiltrud

Da almuru jirgin ƙasa ya sauke ni a Quedlinburg,
ana yayyafi, jakata na gurnani bisa duwatsun titi,
tayarta ɗaya ta mutu tun a tashar baya.
Masauki mai araha na nema,
don iya kuɗinka iya shagalinka.

Wiltrud ce ta buɗe, tsohuwa mai tabarau rataye a wuya.
Ta dube ni, ta dubi lakar takalmina,
ta nuna mini magogin ƙafa da haɓa.
Yuro talatin da biyar, har da karin kumallo.
Makullin kuwa an ɗaura masa dunƙulen tagulla,
kada wani ya ce mantuwa ta sa ya tafi da shi.

Matakala goma sha bakwai, kowace da ƙorafinta.
Ta sha ɗaya ta fi tsiwa.
Fitilar baranda rowa gare ta:
ka latsa, ta ba ka numfashi ashirin,
ta bar ka kana lalube tsakanin banɗaki da ƙofar wani.

Ɗakina can ƙarƙashin rufi,
inda katakon da ya girmi kakan kakana
ya gaishe ni a goshi, sau biyu, kafin na koyi ladabi.
Daɓen ya karkata.
Na ajiye lemo a ƙasa, ya kama hanyarsa,
bai tsaya ba sai gindin taga.
Shekara ɗari huɗu gidan nan yana zama a hankali,
kamar dattijon da gwiwa ta hana shi gaggawa.

Ƙararrawar coci ba ta san baƙo ba.
Kowane kwata sai ta yi magana.
Bayan bango Ottmar na tari,
mai gyaran rufin gidaje, da ke kwana nan ran Talata,
ina jin sa har ajiye haƙoransa a kofi.

Barci ya ƙi. Na zauna zan yi rubutu,
tebur ya yi ta rawa.
Na durƙusa in sa masa takarda a ƙafa,
ashe an riga ni:
katin giya, ambulan, guntun taswira,
can ƙasa kuma tikitin jirgi, ya yi ja don tsufa,
da hatimin ƙasar da yanzu babu ita.
Ƙasa ta tafi da tutarta da masu gadin iyakarta,
tikitinta na nan yana tallafe da tebur.
Na ninke rasiɗina, na ɗora a kai.

Da safe, burodi biyu, ƙwai ɗaya cikin hular ulu,
cuku siriri har kana hango faranti ta cikinsa.
Wiltrud na ƙirga komai da ido.
Ottmar ya miƙo mini gishiri ba tare da ya ɗago ba,
yatsunsa duk tsaga, kamar bangon gidan.

Na nuna mata ƙullutun goshina.
Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da tawul,
ta ɗaga gashinta fari: ga tabo, tsoho, siriri.
Ta nuna sama, ta nuna hoton wani mai gashin baki,
ta ɗaga yatsu, ta ƙirga mini shekarun amarci.
Ba mu da harshe ɗaya.
Katako ɗaya ne ya yi mana tafinta.

Na mayar da makulli, na ja gurguwar jakata.
Sai a tasha na sa hannu a aljihun kwat,
na ji abu mai ɗumi:
ƙwai na biyu,
wanda ba ya cikin lissafi,
sanye da hularsa.