Saura Kilomita Biyu

Evaristo ya shafa mini kitse a wuya da hammata,
ya zana lamba sha bakwai a kafaɗata.
Hannunsa na warin taba da man inji.
"Ofelia," ya ce, "ko mutuwa kika gani,
ki zage ni, amma kada ki taɓa jirgin nan."

Mu talatin da ɗaya a bakin Paraná,
ruwan launin shayi da madara, yana tafiyarsa
kamar bai san da zuwanmu ba.
Aka busa usur.
Muka zube kamar an kifar da kwandon kifi,
diddige a haƙarƙari, gwiwar hannu a baki,
wani ya bi ta bayana sai ka ce gada.

Bayan sa'a guda kowa ya kama gabansa.
Ba na ganin hannuna a cikin ruwan nan.
In miƙa shi ya ɓace,
in jawo shi ya dawo.
Na juya dama: saniya tsaye cikin laka tana kallona.
Na juya hagu: jirgin yayana, jan fentinsa na ɓarewa.

Babanmu masunci ne, bai taɓa yin tsere ba.
Yakan ce kogi ba ya son mai gardama,
nemi inda kumfa ke gudu, ki kwanta masa.
Na nema, na kwanta.
Tsibirin kainuwa ya zo ya shafe mini fuska,
saiwarsa sanyi kamar yatsun tsohuwa.

Aka miƙo kofi a bakin sanda,
mate mai ɗumi, sukari ya yi masa yawa,
da rabin ayaba.
Ina rigingine ina tauna
Nélida Quiroz ta wuce ni, 'yar shekara sha shida,
ƙafafunta na dukan ruwa kamar ana binta.
Ni arba'in da huɗu,
da aikin dare a asibiti a cikin ƙashin bayana.

Sai kafaɗa ta fara magana.
Da farko raɗa, daga baya ihu.
Evaristo ya ɗaga allo, rubutun alli:
SAURA KILOMITA BIYU.

Na ƙirga dubu, na sake dubu.
Rana ta sauko ta zauna mini a ƙeya.
Ya ɗaga allo.
Saura kilomita biyu.

A karo na uku na zage shi,
na haɗa da kakanmu da bai san hawa ba bai san sauka ba,
na haɗiye kogi cikin bakina.
Hannuna ya tafi da kansa,
taƙi ɗaya tsakaninsa da katako.
Evaristo bai ko dube ni ba,
ya sa filafili ya janye jirgin.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi ba.
Na dai ji ƙararrawar coci a ƙarƙashin ruwa,
hayaƙin gasasshen nama ya taro ni tun daga kwana,
yara a kan gaɓa suna kiran lamba, ba suna ba.
Na mari allon ƙarshe.
Ta sha tara.
Ƙafafuna suka ce ba su san ni ba,
ƙasa kuma ta ci gaba da gangarawa kudu.

Cikin bargo na tambaye shi, "Nawa ne gaskiyar?"
"Bakwai," ya ce, yana hura mate.
"Da na rubuta bakwai, da kin hau."

Kwana uku yashi na fita daga kunnena.
Daren Laraba na koma aiki.
Wata mai naƙuda ta damƙe wuyan hannuna,
daidai inda kitsen bai gama wankuwa ba,
ta ce, "Saura yaya?"
Na dubi agogo, na dubi takardarta.
Na ce, "Saura kaɗan."