Littafin Tabawa

Shekara arba'in ina noma a Bomo,
waya ce kawai tsakanina da gonar gwaji ta Samaru.
In na miƙe daga kunya zan share gumi
sai in hango dawarsu, gajeru,
kai ɗaya kamar wanzami ya bi su.
In ce wa Nomau maƙwabcina:
"Dubi dawar 'yan boko,
ko ɗan akuya ba ya ɓuya a cikinta."

Tawa kaura ce, gadon Baba,
in ka ɗaga kai ka dube ta hula ta faɗi.
Kara na danga, kara na murhu,
zangarniya kuwa, to, Allah ya kyauta.
Ƙuduji ya yi kwalliya a gindinta
yana tsotsa daga ƙasa
ni ina yabon tsayi daga sama.

Tabawa ce ta tono zancen, autata,
da wani littafi mai koren bango
da ya rage mata daga makaranta.
Ta zauna gindin rumbu bayan la'asar.
"Baba, nawa ka ba masu huɗa?"
Na faɗa.
"Taki fa?" Na faɗa.
"Kwanakin da ka duƙa da kanka?"
Na ce, "Yau ga magana. Mutum na biyan kansa lada?"
Ta rubuta duk da haka.
Ta ja layi, ta tara, ta ɗebe,
ta juyo mini shafin ba ta ce komai ba.
Ban iya karatun boko ba
amma na iya karatun fuskar 'yata.

Da bazara ta ja ni gindin mangwaro
inda Malam Shekarau, malamin gona,
ya durƙusa da wandonsa mai guga
ya tona rami da yatsa:
taki a binne shi, kada a watsa wa iska,
tsiro biyu a rami, na uku ɓarawo ne,
bana dawa, baɗi waken soya,
ƙuduji a tuge shi tun bai yi fure ba.
Na karɓi irinsa a ƙullin leda
kamar mai karɓar magani mai ɗaci.
Rabin gona na ba shi.
Rabi na bar wa Baba.

Ranar sussuka ban yi surutu ba.
Gajeriyar ta cika buhu tara,
doguwar ta tsaya a huɗu da 'yan tiyoyi.
Nomau ya zo, ya damƙa, ya tauna ƙwaya ɗaya,
ya tofar, ya tambayi ina ake samun irin.

Sai ga Ɗanjuma dillali kan babur,
kamar kowace kaka, aljihu a kumbure,
da tiyarsa mai ciki kamar ta haɗiye ƙanwarta.
Hannuna har ya miƙe don sabo.
Tabawa ta yi tari daga zaure.
Na ce, "Sai dai wani jiƙon."

Muka ɗaure a buhu mai leda biyu
inda ƙwaro ba ya samun numfashi.
Wata huɗu. Na sayar da tunkiya don kada in kwance.
Mu goma sha biyu muka haɗa kaya mota guda
zuwa wurin masu abincin kaji a Dakace.
Can ba a san tiya ba, sikeli ke magana,
ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, ba danshi.
Buhu biyu na Cindo aka dawo da su;
ya sha kunya, ya sayi rariya a Sabon Gari.

Ba zan ce komai ya yi daidai ba.
Dangata ta faɗi da iskar farkon damina,
gajeren kara ba ya tare ko kaza.
Ni da na saba kyautar da kara
na je na saya wurin Nomau, dami uku.
Tabawa ta buɗe littafi ta rubuta.

Da dare aka kawo tuwon kaura,
ja, mai nauyi, irin na gidanmu.
Na ce, "Wannan daɗin fa, wane layi za ki sa shi?"
Ta dubi shafin, ta ciji biro.
Ta ce, "Bar masa kunya goma, Baba,
ta gefen rafi. Zan san yadda zan rubuta."