Matakala Ta Tamanin Da Shida

A Valparaíso, kan tudunmu mai kallon teku,
gidaje sun goya juna har sama,
ja a kan shuɗi, shuɗi a kan rawaya.

Matakala ɗari da arba'in daga titi zuwa ƙofata.
Ta tamanin da shida ta fi sauran faɗi,
nan gwiwa take neman afuwa,
nan muke zama duk Lahadi in rana ta yi sanyi,
da butar shayi da burodi mai ɗumi,
kowa ya faɗi abin da hannunsa ya yi a mako.
In ya ɗan ƙara gishiri, ba ma kiransa ƙarya.

Herminia ke buɗe taro, a ba ta ko a hana ta.
Ta zo da tumatir guda a tafin hannu,
ko ƙwan zabo bai kai ba.
Wata huɗu tana lallashinsa a gwangwanin fenti,
tana korar tsuntsayen teku da tsintsiya.
Ta yanka shi huɗu da wuƙar aljihu,
muka tauna a hankali, ido a rufe,
ba wanda ya yi dariya.

Baltasar ya tsufa yana ɗinkin komar masunta,
yanzu jirgin ruwa yake ginawa cikin kwalba.
Hannunsa na rawa.
Sau tara sandar jirgin tana faɗuwa,
ran Laraba ta tsaya.
"A karkace take," in ji Herminia.
Ya ce, "Iska ce. Kin taɓa ganin teku ba iska?"
Ya ɗaga kwalbar saitin tashar jirage,
nasa ya shiga sahun manyan masu dakon kaya,
ba wanda ya ce masa ba mu hanya.

Jikarsa Ximena ta koyi fito da yatsu biyu.
Ta gwada sau ɗaya, karnukan tudu uku suka amsa.
Wannan shaida ta ishi duniya.

Sai idanu suka dawo kaina.
Ni da na shekara ashirin da bakwai kan injin ɗaga kwantena,
ina tsince tan talatin kamar ƙwayar masara,
me zan ce?
Na ce, "Na buɗe aljihun tebur."

Na kicin ne, na hagu.
Ya cije tun sanyin da Nélida ta rasu.
Na ja, na zage shi, na ƙyale shi shekara uku.
Wataƙila danshi ne.
Wataƙila ban taɓa ja da gaske ba.
Ran Litinin na kwanta ƙasa kamar bakanike,
na kankare gefensa, na goga guntun kyandir,
ya zamo salin-alin, sai ka ce bai taɓa gardama ba.
Ciki akwai maɓallai, da rasit ɗin gas,
da makullin ƙofar da aka daɗe da cirewa,
da 'yar takarda a naɗe, da iri baƙaƙe ƙanana,
da rubutunta mai jingina dama:
"Kar ka cika musu ruwa, Eulogio."
Ba suna. Ba ta ce fure ba ne ko ganyen miya.

Na shuka su a tukunyar da gindinta ya huje.
Yau da safe tsiro biyu, sirara kamar gashin ido,
sun ɗauko ƙasa a ka.

Herminia ta ce albasa ce.
Baltasar ya rantse ciyawa ce.
Ximena ta ce, "Ku jira mana!"

Jirgi ya yi kuka can ƙasa, fitilun tasha suka kama.
Muka tattara kofuna.
Saura matakala hamsin da huɗu,
sai a bakin ƙofa na tuna ina da gwiwa.
Na cika kofi da ruwa, na tsaya a kansu,
na daɗe a tsaye.
Sai na shanye,
na rage musu cokali ɗaya.