Ɗaya Bisa, Ɗaya Ƙasa

Shekara uku tana jingine bayan ɗakin girki,
kujerar kirya da Jabbi kafinta ya sassaƙa
tun ban iya ɗaura zane ba.
Gara ta lasa ta bari, kirya ba tuwonta ba ce.
Mazaunin ne ya mutu.
Igiyar rama ta ruɓe, ta zube,
ta bar itace da baki buɗe kamar mai hamma.

Ran Laraba na shiga tsohuwar kasuwa,
layin maɗinka, bayan 'yan goro.
Ladan Bube ya auna mani tef na auduga
mai faɗin yatsa biyu,
kamu arba'in fari, kamu arba'in mai shuni.
Ya ce, "Wa zai saƙa maki?"
Na ce, "Hannun da ya biya ka."
Ya yi dariya, ya ƙara kamu ɗaya, gyara.

A gindin dogonyaronmu na Rijiyar Ɗorawa
na kifa ta bisa tabarma.
Ƙusa biyu, guduma ta aro,
na kafa bakin farin a sandar baya.
In ja shi gaba, in zaga ƙasa, in komo,
in ja, in zaga, in komo,
har farin ya jeru kamar sahun Juma'a,
kafaɗa da kafaɗa, ba gurbin Shaiɗan.
Tsakanin sama da ƙasa na cusa 'yar matashi
ta audugar rimi,
don ƙashin tsoho ba ya son gardama.

Sai shuni ya shigo.
Ɗaya bisa, ɗaya ƙasa.
Da fari hanya a buɗe take, yatsa na wucewa a sake,
ina saƙa ina cin gyaɗa.
Kafin la'asar saƙa ta tsuke,
ta ƙi yatsa, ta ƙi lallashi,
sai da ƙotar cokali nake buɗa mata baki.
Shuni ya hau mani farce,
zufa ta bi gwiwar hannu tana ɗiga,
rana irin tamu ta Sakkwato
mai dafa ƙwai a aljihu.

Layin ƙarshe tef ya ƙare.
Gyaran Ladan ne ya rufe mani asiri.

Na miƙe ta, na karkaɗe, na kira Inna Tumba.
Yana ta rufe mata ido tun bara,
tafin hannu ne ke yi mata gani.
Ta shafa daga kusurwa zuwa kusurwa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
sai yatsanta ya tsaya.
"Nan kin haye biyu."

Na duba. Layi na goma sha ɗaya, gefen hagu,
shuni ya tsallake fari biyu a jere.
Ni mai ido ban gani ba.

"Ina hankalinki ya tafi a nan?"

Na san inda ya tafi.
Lokacin ne mai keke ya wuce ta lungu
ya yi gyaran murya sau biyu,
irin na Baba in ya dawo daga Kwalkwalawa
da kifi a jakar buhu,
har na ɗaga kai zan ce sannu da zuwa.

Ban faɗa mata ba.
Na ce, "Bari in warware."
Ta riƙe mani wuyan hannu.
"Layi nawa za ki kashe don ki kai gare shi?"

Ta juya, ta lalubi hannun kujera,
wurin da tafin Baba ya side har yana ƙyalli,
ta sauka a hankali.
Kirya ta yi ƙara ɗaya, tsohuwar ƙararta.
Mu duka muka yi shiru.

Can ta ce, "Ta yi tauri kaɗan.
Za ta saki.
Miƙo mani furata, Hassi,
kuma ki mai da gudumar mutane kafin magariba."