Maɗobiya Ta Dawo Gida

Ranar Talata, ruwa na dukan kwanon Panteka,
Didam ya shigo rumfata rungume da akwati
kamar mai kai jinjiri asibiti.
Ya ce, "Baba Ilu, jakin jitata ya ɗaga,
damina ta kumbura mata ciki.
Don Allah kada ƙusa ta taɓa ta."

Ni ƙofa na sani, da gado, da bencin makaranta.
Shekara talatin da huɗu ina shaƙar garin katako.
Amma da ya buɗe akwatin
sai na goge hannuna a riga, har sau biyu.

Fuskarta fara, farin man shanu,
itacen wata ƙasa mai sanyi da ban san sunansa ba.
Jijiyoyinsa sirara, a jere,
kowace shekara layi ɗaya:
bishiyar nan ba ta yi gaggawar girma ba.
Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa,
ta amsa kafin in ɗauke hannu.

Sai na juya bayanta.
Ja mai duhu, baƙi na ratsa shi kamar hayaƙi.
Na kai hanci bakin ramin cikinta, na shaƙa.
Kai! Ai na san ƙamshin nan.
Maɗobiya ce.
Ita muke gani a bayan tirela ta hanyar Kachiya,
gungume kan gungume,
an nufi teku da ita ba ko sallama.
Wuyan kuwa maɗaci,
ɗan'uwan wanda muke ɓare wa ɓawo
mu jiƙa saboda ciwon ciki.
Allon da yatsu ke takawa baƙi wuluk, dangin kanya,
an dasa masa ɗigon farin wuri
don kada hannu ya ɓata hanya.

Na ce, "Nawa ka saye ta?"
Ya faɗa. Na nemi wuri na zauna.
Kuɗin rabin fili ne a Rigasa.
Ya ce shekara uku yana kiɗa a coci da gidajen biki,
ya sayar da babur ya cika.

Ashe haka abin yake:
mu sayar da ke a farashin itacen girki,
ki je a koya miki magana,
ki dawo ki fi ƙarfin aljihunmu.

Na kankare tsohon gam a hankali,
na shafa sabo, na matse, na ce ya ba ni kwana uku.
A kwanakin nan ban bar yarana
sun yi raha kusa da ita ba.

Juma'a da yamma ya dawo da akwatin sauti.
Ya ɗaura tsirkiya shida,
ya soka mata waya a ƙugu,
ya murɗa wasu 'yan maɓallai a kafaɗarta.
Muryarta ta cika layi har wajen masu fenti.
Bai kai ƙarshen baiti ba aka ɗauke wuta.

Injin walda ya mutu, zarto ya tsaya.
Panteka, wadda ba ta san shiru ba, ta yi tsit.
Ita ko a jikinta.
Babbar tsirkiya na magana ƙasa-ƙasa
kamar uba a bayan katanga,
ƙaramar kamar cokali a bakin kofin shayi,
a tsakaninsu kuwa itace ne zalla ke numfashi,
da ɗumi, da ɗan ɗaci,
sauti na daɗewa kafin ya yarda ya mutu.
Sale mai walda ya ɗage baƙin tabarau,
ya tsaya da ƙarfe a hannu.

Na karɓi kuɗina cif, ba na wasa da gumina.
Amma da na zo shara
na tsinci ɗan ɓarɓashi ja, bai kai farce ba.
Yana nan cikin kwalin ashana.
In kasuwa ta yi sanyi
nakan buɗe in shaƙa.