Ɗigo Huɗu

A Bergen ruwan sama ba ya sallama.
Yakan sauka kan duwatsun da ba sa narkewa,
ya gangaro famfo da sanyinsa,
garau, hannu rabbana,
ko ƙwayar alli bai ɗauko ba.

Ni ce mai aikin dare a gidan tsofaffin kan tudu,
hawa na biyu, ƙarshen baranda,
inda tankin kifi ke numfashi a hankali
kamar wanda barci ya sace a zaune.

Daren Talata na tarar bakwai sun juya ciki sama.
Fitila na ci, injin iska na kumfa,
babu abin da ido zai nuna ya ce kai ne.
Na kwashe su da 'yar raga,
na naɗe a jaridar jiya.

Halvdan ya gan ni.
Ɗaki na tara, shekara tamanin da shida.
Tun bara sunan 'yarsa ya kuɓuce masa,
Solfrid yake kirana, ni kuwa Oddny ce,
na gaji da gyarawa.
Amma shekara arba'in ya yi a cikin cikin jirgin ruwa
yana auna ruwan tukunyar tururi,
wannan kam bai bar shi ba.

Ya ce, tsami ne ya ci su.
Kashin kifi, ragowar abinci, hucin ganye da dare,
kullum suna ɗiga tsami kaɗan-kaɗan.
Ruwan da ke da alli a jikinsa sai ya shanye, ya yi shiru.
Namu ba shi da ajiya.
Yau lafiya, gobe lafiya,
jibi ya rufta kamar bakin tsohuwar rijiya.

Ya sa na ɗebo ruwan a 'yar kwalba.
Ɗiga magani, in ji shi, ki ƙirga
har shuɗi ya koma rawaya.
Ɗigon farko, shuɗin bai ko zauna ba.
Ɗaya, ya ce, ya ja tsaki.
Huɗu muke nema.

Na ruga kicin na dawo da kwalin bekin soda,
zan juye, ya kama wuyan hannuna,
yatsunsa sanyi kamar makulli.
Rabin ƙaramin cokali, ya ce. Narkar a kofi.
Zuba a bakin kumfa, ki tafi ki kwanta.
Kifin da ya saba da wuya,
ko sauƙi ne ya faɗo masa farat ɗaya, kashe shi yake.

Laraba ɗaya da rabi.
Juma'a biyu.
Asabar na manta, ya buga sandarsa a ƙofa har na tuna.

Ran Lahadi na sauka bakin teku cikin yayyafi,
na tsinci ɓawon ƙumba cike da aljihu biyu,
na tafasa, na daddaka da gindin kwalba,
na ɗura a tsohuwar safarsa mai ruwan toka,
na cusa bayan matatar ruwa.
Wannan ba ya sauri, in ji shi.
Sai tsami ya taso yake narkewa,
gwargwadon cizon, gwargwadon abin da zai bayar.

Hunturu ya wuce, kifi ko ɗaya bai mutu ba.
Wata mai jelar lemo ma ta haihu,
'ya'yan kamar yankan farce a cikin ganye.

Jiya na zaro safar.
Ta yi shafal.
Ban ga ranar da ɓawon ya tafi ba,
ruwan bai taɓa nuna mini ba.
Na daɗe tsaye tana ɗiga a takalmina.

Yanzu Halvdan ba ya fitowa baranda.
Cokali ma sai an kai masa baki.
Ƙarfe uku na dare nakan leƙa,
in ga idonsa biyu, yana kallon silin.

Nawa? yakan ce.

Huɗu.

To, kashe fitilar, Solfrid.