Bango Ɗaya, Gida Biyu

A Baltimo, can gabashin gari,
akwai layin da gidaje suka tsaya kafaɗa da kafaɗa,
ashirin da biyu, jan bulo, hawa bibbiyu,
babu ratar da kyanwa za ta bi.
Faɗin kowanne ƙafa goma sha biyu.
Na auna. Ni magini ne, awo ne abincina.

Wanda ya gina su ba don Allah ya yi ba:
bango ɗaya ya raba wa gida biyu,
ya soke kuɗin na biyun a aljihu.
Amma ɗaga kai ka dubi goshin rufin,
katako ne aka sassaƙa wa ganye.
Ko talaka ne, a sa masa hula.

Bulon yumɓun bakin kogi ne.
Matakalar ƙofa kuwa farin dutse, uku-uku,
tsakiyarsu ta lotsa kamar tsohon turmi.
Shekara ɗari da ɗoriya na takalma.

Na farko jirgin ruwa ne ya sauke su,
da akwati ɗaya, da sunan da ya gagari akawun tasha.
Mata suka ɓare tumatir a gidan gwangwani
har farcensu ya manta launinsa,
maza suka yi ta dakon gawayi.
Sai na gonakin taba suka hauro daga kudu,
baƙar fata, aka ce lungun baya ne nasu,
babban titi sai dai kallo.
Suka yi haƙurin mai dafa dutse,
ƙofa ɗaya, sai ta biyu, sai rabin layi.

Wata shekara ɗan talla ya zo da dutsen ƙarya,
siminti ne da ɗan launi,
ya lulluɓe fuskokin gidajen duka.
Yau ni ake biya in ɓamɓare shi.
Ƙarƙashi bulo na nan, ya yi gumi, bai mutu ba.

Lamba sha huɗu ce babu.
Gobara ta ci, hukuma ta kwashe saura,
layin ya zama baki mai giɓi.
A jikin sha shida kana ganin gidan da ya tafi:
sawun bene yana hawa a karkace,
baƙin hayaƙi inda murhu yake,
da ɗan yankin takardar ado, fure shuɗi,
daidai inda kan gado ya jingina.

Odessa Pinkney ce a sha shida,
tamanin da ɗaya, sanda a hagu.
Ta ce, "Shekara arba'in ina jin tarin Halina Kuchta
ta cikin bangon nan.
Na san ranar da mijinta ya rasa aiki,
ta san daren da ɗana bai dawo ba.
Ba mu taɓa tayar da zancen ba.
Ƙwanƙwasa biyu da safe: ina nan.
Biyu su dawo: ni ma."

Tun da aka rushe, ɗakinta ba ya ɗumi.
Bangon da aka yi don ya jingina
bai iya tsayuwa shi kaɗai ba,
ya fara ciki, ruwa na shiga.

Na kafa masa ƙarfe, na cike tsaga,
na ɗauko cokali zan yi yaɓe,
ta leƙo ta taga: "Bar min furen."
Na ce ruwan bana zai wanke shi.
Ta ce, "To bari ruwan ya yi, ba kai ba."

Matakalar sha huɗu ba a ɗauke ta ba.
Ka hau uku, ka tarar da ciyawa da sararin sama.
Ran Asabar na zo kwashe tsani,
na same ta durƙushe da bokiti da buroshi.
Ta gama nata ukun,
tana jan bokitin zuwa na maƙwabciya.